NA'URAR HOTON CIKI: YADDA TAKE SAURARO, SA'AN NAN TA ZANA

A yau idan mai juna biyu ta je awo a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, sau da yawa akan rubuta mata takarda a ce ta je a yi mata sikanin. Wasu na ce da shi hoton ciki. Akan kwantar da ita, a shafa mata wani mai mai yauƙi a ciki, sa'an nan a ɗora wani ɗan abu wanda bai fi sabulun wanka girma ba. Nan da nan sai hoto fari da baƙi ya fito a wani allo mai kama da talabijin.

Mutane sun kasu biyu game da wannan na'ura. Wasu suna tsoronta. Suna zaton wuta take hurawa cikin jiki, har ta ƙone jariri. Saboda wannan tsoro akwai magidantan da ke hana matansu zuwa. Wasu kuma sun ɗauka na'urar tana ganin kome, ba ta kuskure, kuma da an yi hoton an gama magani. Duka ɓangarorin biyu suna bukatar ƙarin bayani.

Gaskiyar magana ita ce, wannan na'ura ba ta da ido. Kunne gare ta. Tana aika sauti cikin jiki, ta saurari amsar da ta dawo, ta yi lissafi, sa'an nan ta zana hoto. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, a nan ji ne ke kawo gani. Wanda ya gane haka zai daina tsoro, kuma zai san abin da ya kamata ya yi domin hoton ya yi amfani.

MENE NE AMSA-KUWWA?

Kowane yaro ya san amsa-kuwwa. Idan mutum ya leƙa rijiya mai zurfi ya yi magana, sai ya ji muryarsa ta dawo. Haka ma idan makiyayi ya tsaya gindin tsauni ya ƙwala kira. Babu kowa a rijiyar, babu kowa a tsaunin. Muryar ce ta tafi, ta bugi abu, ta komo.

Sauti tafiya yake yi, kuma masana sun auna saurinsa. A cikin iska yana cin mita 340 a sakan ɗaya. Saboda haka idan makiyayi ya yi kira, ya ji amsa bayan sakan ɗaya, muryarsa ta yi tafiyar mita 340 ke nan, zuwa da dawowa. A raba biyu, sai a sami mita 170. Wannan shi ne nisan tsaunin. Ashe da kunne da agogo ana iya auna nisa, ko ba a taka da ƙafa ba.

Amsar kuma tana faɗar irin abin da sautin ya buga. Mace mai sayen tukunya a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa. Idan ta ji amo garau, tukunya lafiya lau take. Idan ta ji amon ya dishe, akwai tsaga. Mai sayen kankana shi ma yakan bubbuga ta kafin ya biya kuɗi. Duk waɗannan mutane suna binciken cikin abu da sauti ne.

Jemage ya fi kowa gwaninta a wannan fanni. Yana tashi cikin duhu bai yi karo da kome ba. Yana fitar da ƙara, yana sauraron amsarta, da haka yake gane inda itace yake da inda ƙwaro yake.

SAUTIN DA KUNNE BA YA JI

Sauti rawa ce. Idan aka bugi ganga, fatarta na karkarwa, iska ta ɗauki karkarwar ta kai kunne. Idan rawar a hankali take, amon yakan yi kauri kamar na tambari. Idan da sauri take, amon yakan yi siriri kamar na sarewa.

Kunnen mutum yana jin rawar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Abin da ya wuce haka ba ya jinsa. Na'urar sikanin kuwa tana aiki da sauti mai rawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 15 a sakan ɗaya. Shi ya sa mai ciki ba ta jin kome lokacin da ake duba ta.

Akwai dalilin zaɓen yawan rawar. Sauti mai kauri yana zuwa nesa, kamar yadda ake jin tambari daga wani ƙauye. Amma ba ya nuna ƙananan abubuwa. Sauti siriri yana nuna ƙananan abubuwa sarai, amma ba ya nisa. Don haka idan za a duba cikin mai juna biyu, ko hanta, ko ƙoda, akan yi amfani da miliyan 3 zuwa 5. Idan kuwa wuya ne ko nono, waɗanda ke kusa da fata, sai a ɗauki miliyan 7 ko fiye.

A cikin naman jiki sauti yana cin mita 1,540 a sakan ɗaya. Ya ninka saurinsa a iska fiye da sau huɗu. Duk lissafin na'urar a kan wannan lamba aka gina shi.

DAGA INA AKA SAMO TA?

A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu a ƙasar Faransa, Pierre Curie da Jacques Curie, suka gano wani abin mamaki game da wasu irin duwatsu masu ƙyalli. Idan aka matsa dutsen, sai ya fitar da 'yar wutar lantarki. Daga baya aka tabbatar cewa idan aka ba shi lantarki, sai ya motsa. Wato abu ɗaya yana iya zama baki, yana iya zama kunne.

A shekarar 1912 wani babban jirgin ruwa mai suna Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a teku ya nutse. Wannan ya sa masana suka dage da neman hanyar gane abin da ke ɓoye cikin ruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani Bafaranshe, Paul Langevin, ya yi amfani da irin waɗancan duwatsu don neman jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku.

Daga baya likitoci suka ga cewa yawancin jikin mutum ruwa ne. A shekarar 1958 wani likitan mata a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, Ian Donald, tare da abokan aikinsa John MacVicar da Tom Brown, suka buga rahoton yadda suka duba cikin marasa lafiya da sauti. Daga nan aikin ya bazu a duniya. Na'urorin farko manya ne ƙwarai. Yanzu kuwa har akwai ƙanana waɗanda ake haɗawa da wayar hannu.

MATAKAI BAKWAI DAGA AMSA ZUWA HOTO

Amsar da ke dawowa daga jiki ba hoto ba ce. Tamkar shinkafa ce da aka yanko daga fadamar Wurno. Sai an buge ta, an sheƙe, an turara, an shanya, an surfe, kafin ta shiga tukunya. Ita ma amsa sai ta bi matakai a cikin kwamfutar da ke jikin na'ura.

Mataki na 1: Kira da auna lokaci. Ɗan abin nan da ake ɗorawa a ciki shi ake kira kan na'ura. A cikinsa an jera ƙananan yanka masu aiki irin na waɗancan duwatsu. Na'ura na ba su lantarki, su yi kira gajere, sa'an nan su yi shiru suna sauraro. Lokacin sauraron ya fi na kiran yawa nesa ba kusa ba. Duk inda sautin ya tarar da iyaka tsakanin abu biyu, kamar tsakanin ruwa da nama, ko nama da ƙashi, sai wani sashe nasa ya komo, sauran ya wuce gaba. Na'ura na auna lokacin da kowace amsa ta ɗauka. Idan abu yana da zurfin santimita 10, amsarsa na dawowa cikin kashi 130 daga cikin miliyan na sakan ɗaya. Lissafin makiyayi da tsauni ne dai, sai dai agogon na'ura ya fi kaifi.

Mataki na 2: Ƙara wa ta nesa ƙarfi. Muryar wanda ke bakin ƙofa ta fi ta wanda ke bayan gari ƙarfi, ko da tare suka yi kira. Haka abin yake a jiki. Nama yana shanye sauti a hanya. Amsar da ta fito daga can ciki tana iya raunana sau ɗaruruwa. Da za a bar ta haka, da saman hoto ya yi fari fat, ƙasansa ya yi baƙi ƙirin. Saboda haka na'ura na ƙara wa kowace amsa ƙarfi gwargwadon jinkirinta. Wadda ta fi daɗewa a hanya ita ke samun ƙari mafi yawa. A jikin na'ura akwai maɓallai na gyara wannan ƙari, kuma ma'aikaci ne ke daidaita su.

Mataki na 3: Haɗa kunnuwa wuri ɗaya. Yankan da ke kan na'ura suna da yawa. Sau da yawa sukan kai 128, wani lokaci fiye. Kowanne kunne ne mai zaman kansa. Na'ura na mayar da abin da kowanne ya ji zuwa lambobi, sau miliyoyi a sakan ɗaya. To, amma amsa daga wuri ɗaya ba ta isa duk kunnuwan a lokaci ɗaya, domin wasu sun fi wasu kusa. Ga misali. Mutum uku suna so su shiga Sakkwato tare. Ɗaya daga Goronyo yake, ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Achida. Idan sun tashi lokaci ɗaya, dole na Achida ya jira, na Wurno ya ɗan jira, har na Goronyo ya iso. Haka na'ura ke yi. Tana tsayar da amsar kunnen da ke kusa har ta kunnen nesa ta iso, sa'an nan ta tara su. Amsar wurin da ake nufi sai ta haɗu ta yi ƙarfi. Amsoshin gefe kuwa ba sa haɗuwa daidai, sai su raunana. Da wannan dabara na'ura ke mai da hankali kan layi ɗaya siriri.

Mataki na 4: Tacewa. Tare da amsa akwai hayaniya. Wata daga wayoyin na'urar take, wata daga lantarkin ɗaki. Na'ura ta san irin amon da ta aika. Don haka tana da rariya ta lissafi wadda ke barin amon da ake so ya wuce, ta tare sauran. Kamar uwa ce da ke gane kukan ɗanta a tsakiyar hayaniyar gidan biki. Tun ƙarshen shekarun 1990 na'urori da yawa suna iya sauraron wani amo na biyu da naman jiki ke haifarwa, mai rawa ninki biyu na wanda aka aika. Wannan yakan sa hoto ya ƙara fitowa tas.

Mataki na 5: Auna ƙarfi da ba da launi. Amsar da aka tace har yanzu rawa ce, sama da ƙasa, kamar igiyar ruwa a tafki. Na'ura ba ta bukatar kowace rawa. Tsayin igiyar kawai take aunawa. Sai dai wata amsa ta ninka wata ƙarfi sau dubbai, allo kuwa ba zai iya nuna wannan bambanci duka ba. Saboda haka na'ura na danne manyan, ta ɗaga ƙananan, ta jera su hawa-hawa, kamar yadda ake ware albasa manya da matsakaita da ƙanana. Hawan yakan kai 256, daga baƙi zuwa fari. Ƙashi da dutse suna mayar da amsa mai ƙarfi, sai su fito fari. Ruwa, kamar fitsari da ruwan da jariri ke kwance a ciki, ba ya mayar da kome, sai ya fito baƙi. Hanta da sauran nama suna fitowa toka-toka.

Mataki na 6: Saƙa hoto. Kira ɗaya layi ɗaya yake bayarwa. Sai na'ura ta matsa gefe kaɗan ta sake kira, ta sami layi na biyu. Haka za ta yi ta yi, tana jera layuka kamar yadda masaƙi ke jera zare har ya zama ƙyalle. Idan zurfin da ake dubawa santimita 15 ne, na'ura na iya kira kamar sau 5,000 a sakan ɗaya. Idan hoto ɗaya na cin layi 128, za a sami hoto kusan 40 a sakan. Shi ya sa ake ganin jariri na motsi, ana ganin zuciyarsa na bugawa.

Mataki na 7: Share tsaki. Duk wanda ya ga hoton sikanin ya lura da wani tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Ba datti ba ne, ba kuma cuta ba ce. A cikin nama akwai ƙananan abubuwa bila adadin, kowanne na mayar da 'yar amsa. Wasu amsoshin na haɗuwa su ƙaru, wasu na karo su kashe juna. Don rage tsakin, na'ura kan ɗauki hotuna da yawa na wuri ɗaya, wani lokaci ta fuskoki dabam-dabam, ta gauraya su. Amma idan aka cika sharewa, ƙaramin abin da ake nema yana iya gogewa. Nan ma sai da gwanintar ma'aikaci.

YADDA AKE JIN GUDUN JINI

Wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ya san wannan. Idan babbar mota ta taho tana hon, amon yakan yi siriri. Da ta wuce sai amon ya koma mai kauri. Direba bai sake hon ba. Tafiyar motar ce ta sauya amon a kunnen mai sauraro. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana dalilin haka a shekarar 1842. Da sunansa ake kiran wannan awo, wato Dofla.

Jini ma tafiya yake yi. Idan yana tahowa wajen kan na'ura, amsarsa takan ƙara siranta. Idan yana nesanta, takan ƙara kauri. Na'ura na gwada amon da ta aika da wanda ya dawo, ta lissafa saurin jinin. Kafin haka sai ta tace amsar bangon jijiya, wadda ke da ƙarfi amma ba ta da gudu. A allo akan nuna jinin da ke tahowa da ja, wanda ke tafiya da shuɗi. Wannan launi na'ura ce ta sa shi don a gane, ba launin jinin ba ne.

Da wannan awo ake duba ko jini na isa ga jariri sosai ta cibiya. Ƙaramar na'urar da ungozomar asibiti ke ɗorawa a ciki, har uwa ta ji bugun zuciyar ɗanta, ita ma da wannan hanya take aiki. Zuciyar jariri mai lafiya takan buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya.

ABUBUWAN DA KE RIKITA NA'URA

Da yake da sauti take aiki, duk abin da ya tare sauti ya tare ta.

Na farko iska. Idan akwai iska tsakanin kan na'ura da fata, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin zai komo tun bai shiga jiki ba. Wannan shi ne amfanin man nan mai yauƙi. Yana kore iska ne kawai. Ba magani ba ne, kuma ba ya cutarwa. Iskar da ke cikin hanji ita ma tana rufe abin da ke bayanta.

Na biyu ƙashi da dutse. Sauti ba ya ratsa su sosai, sai a ga inuwa baƙa a bayansu. Wani lokaci inuwar na ɓoye abu. Wani lokaci kuma ita ke tona asirin dutse a ƙoda ko a madaciya.

Na uku kitse mai yawa. Sauti ya fi tafiya a hankali cikin kitse, alhali na'ura ta ɗauka saurinsa ɗaya ne ko'ina. Sai lissafi ya ɗan karkace, hoto ya dushe.

Ruwa kuwa abokin na'ura ne. Shi ya sa ake ce wa mai ƙaramin ciki ta sha ruwa ta riƙe fitsari. Cikakkiyar mafitsara na ture hanji gefe, ta zama kamar taga da ake hango mahaifa ta cikinta.

AMFANINTA GA MAI JUNA BIYU

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa a Nijeriya, cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ke rasa rayukansu. Da yawa daga cikin matsalolin da ke kawo haka ana iya hango su tun da wuri.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin ciki ya cika mako 24, wato kafin wata na shida ya ƙare. Ta kuma ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa.

Ga abin da hoton ke iya nunawa. Yana nuna ko jariri na da rai. Yana nuna ko ɗaya ne ko tagwaye. Yana nuna ko cikin ya zauna a mahaifa ko a wajenta, wanda haɗari ne babba. Yana nuna inda mabiyiya ta kwanta, domin idan ta tare ƙofar mahaifa tana iya jawo zubar jini mai kisa. A watannin ƙarshe yana nuna ko jariri ya juyo da kai, ko ya zo a zaune, ko a gicciye.

Yana kuma faɗar watannin ciki. Ma'aikaci na auna tsawon jariri, ko faɗin kansa da ƙashin cinyarsa, na'ura ta lissafa. A watanni ukun farko kuskuren lissafin bai cika wuce mako ɗaya ba. A watannin ƙarshe kuwa yana iya kai mako uku. Saboda haka zuwa da wuri ya fi.

Ga mutumin ƙauyen da ke nesa da titi, wannan sani yana da tsada. Idan maigida ya san tun wata na shida cewa tagwaye ne, ko mabiyiya ta tare hanya, yana da lokacin tanadin kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Yana iya kai matarsa kusa da asibiti kafin naƙuda. Ba sai cikin dare da damina ba, gulbi ya cika, a shiga neman abin hawa.

TSARGIYA DA MUTANEN BAKIN RUWA

Ba mata kaɗai na'urar ke yi wa amfani ba. Wurno da Goronyo suna bakin Gulbin Rima, Rabah kuma tana bakin Gulbin Sakkwato. An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, aka buɗe ta a 1992. Ruwan ya kawo noman rani da su, amma ruwa mai kwanciya gidan katantanwa ne, ita kuwa katantanwa ita ke rainon tsutsar tsargiya. Tsutsar na shiga ta fatar mai wanka, da masunci, da mai ban ruwa. Daga baya sai a ga jini a ƙarshen fitsari.

Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne. Cuta ce. Ƙwayayen tsutsar na maƙalewa a bangon mafitsara, su sa shi kauri. Idan abin ya daɗe, hanyar fitsari na iya toshewa, ƙoda ta kumbura. Yana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara.

Gwajin fitsari shi ke nuna akwai cutar. Sikanin kuma shi ke nuna irin ɓarnar da ta yi. Fitsari na fitowa baƙi a allo, bangon mafitsara na fitowa da haske, sai a auna kaurinsa. A watan Oktoba na shekarar 1996 masana suka taru a Yamai, babban birnin Nijar, tare da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka tsara ƙa'ida ɗaya ta yin wannan awo, domin ma'aikacin kowace ƙasa ya auna iri ɗaya. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai suna praziquantel. Idan yaro ya sha da wuri, yawancin ɓarnar kan warke.

SHIN TANA CUTARWA?

Sikanin dabam yake da hoton ƙashi, wato eksire. Shi eksire da wani haske mai ratsa jiki yake aiki, shi ya sa ake kaffa-kaffa da shi ga mai ciki. Sikanin kuwa sauti ne. An shafe fiye da shekara 60 ana duba masu ciki da shi, kuma ba a tabbatar yana cutar da uwa ko jariri ba idan wanda ya koyi aikin ne ya yi. Duk da haka ba abin wasa ba ne. A yi shi idan akwai dalili, ba don marmari ba.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

1. A fara awo da wuri, a nemi yin sikanin kafin wata na shida ya ƙare.

2. A bi umarnin ma'aikaci. Idan an ce a sha ruwa, a sha. Idan an ce a zo ba a ci abinci ba, kamar wajen duba madaciya, a yi haka.

3. A je wurin wanda ya koyi aikin. Na'ura ɗaya ce, amma hannu da ido sun bambanta. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, akan tura mutum Sakkwato, zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

4. A mayar da takardar sakamako ga wanda ya aika. A yi tambaya ba tare da kunya ba: "Malama, me hoton ya nuna? A ina ya kamata in haihu?" Mai tambaya ba ya ɓata.

5. A adana takardar cikin leda tare da katin awo, a tafi da ita ranar haihuwa.

6. Kada a sa rai ga sanin namiji ne ko mace. Ba don haka ake hoton ba, kuma akan yi kuskure.

7. Idan mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko jariri ya daina motsi, a garzaya asibiti nan take, ko da hoton baya ya nuna lafiya lau. Hoto labarin ranar da aka ɗauke shi kawai yake bayarwa.

Sikanin ba ya ba da magani. Labari yake kawowa tun da sauran lokaci. Sauran aiki yana hannun maigida, da uwargida, da ma'aikacin lafiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.